Ganye Biyu da Tukunyar Goggo

Ranar da muka iso Doha, abin da idona ya fara tsayawa a kai shi ne wani tsohon bokitin fenti a kan matakalar benen da za mu zauna a Bin Omran. An cika shi da ƙasa, wata shuka ta fito daga ciki ta kwanto ta gefe kamar ta gaji da tsayuwa. Abba yana gaba da manyan akwatuna biyu, Umma tana biye da shi tana ta salati saboda zafi, ni kuwa na tsaya a hawa na biyu ina kallon ganyen. Kauri gare shi kamar kunnen ɗan akuya, bakinsa kamar haƙoran zarto, jikinsa duk gashi-gashi. Na waiga ban ga kowa ba, sai na shafa guda ɗaya da ɗan yatsa. Har muka shiga gidanmu, muka ci abinci, muka yi sallar la'asar, ƙamshin bai bar yatsana ba. Wani irin ƙamshi ne tsakanin na daddoya da na man zafi.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Ni ba mai magana ba ce. A makarantar da aka sa ni a Abu Hamour, malamarmu ta gaya wa Umma cewa ba ni da wata matsala, sai dai har aka yi wata biyu ba ta san yadda muryata take ba. A gida ma haka nake. Sunan mahaifiyar Abba aka sa mini, don haka shi da 'yan'uwansa ba sa kama sunana. Mamana yake ce mini. Idan ya dawo daga aiki yakan ce, "Mamana, yau kalma nawa kika kashe?" Sai in ɗaga masa yatsu, ya yi dariya.

Kullum motar makaranta ta sauke ni, sai na tsaya wajen bokitin nan na shafa ganye kafin in ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ganye ɗaya nake shafawa, wanda ya fi kusa da bango. Wata rana ina cikin shafawa, ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe. Wata mata ta leƙo, ta girmi Umma sosai, gashinta da furfura ya sha man kwakwa yana ƙyalli.

"Ashe ke ce!" in ji ta, da Turancinta mai sauri. "Na ce wa mijina kyanwa ce ke goga jikinta a shukata har ganye ɗaya ya yi sanƙo. Ashe kyanwar kayan makaranta take sawa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko a jikinta. Ta tsuguna ta nuna mini ganyen, lallai gashinsa ya ƙare, ya yi sumul. Ta ce sunan shukar panikurka, ta sa na maimaita har sau uku kafin ta yarda na iya. Ina jin wannan ce kalma ta farko da na faɗa wa wani baƙo a ƙasar nan ba tare da an matsa mini a aji ba.

Mutuniyar Kerala ce, can kudancin Indiya. 'Ya'yanta sun girma sun watse, daga ita sai mijinta da ke aiki a wani kantin magani. Anti nake ce mata, ita kuma tana ce mini mole, wato 'yata a yarensu. Abin da ya sa na saba da ita shi ne ba ta tambayata abin da sai na yi dogon bayani. Ita ke magana, ni ina kallon hannunta.

A wajenta na ji cewa mahaifinta mai maganin gargajiya ne a ƙauyensu, irin maganin Indiya da ake kira Ayurbeda. Ta ce a can duk gidan da ke da yara sai ka ga panikurka a bayan ɗakin girki. Idan yaro yana tari ko mura, ita ake fara nema. Idan sauro ko tururuwa ta ciji mutum, a murje ganyen a shafa. Idan ciki ya kumbura bayan cin abinci mai nauyi, a tauna rabin ganye da ɗan gishiri. Jarirai kuma akan ɗiga musu ruwan ganyen a maɗiga bayan wanka, don kada sanyi ya kama su. Har a cikin ƙullu suke tsoma shi su soya, su sha shayi da shi idan ana ruwan sama. Amma kullum takan ƙara da cewa mahaifinta ya ce ganye ya san iyakarsa: zazzaɓin da ya ƙi sauka, asibiti ake kai shi.

Mijinta in ya ji tana wannan bayani sai ya leƙo daga bayan jarida. "Mole, kada ki biye mata. Ga kwalaben maganin tari cike da kanti, ita tana nan tana matsar ciyawa."

"To wa ya sha ciyawar makon jiya?" in ji Anti. "Wa ya ce a ƙara masa zuma?"

Sai ya koma bayan jaridarsa yana tari na ƙarya.

Da sanyi ya shigo, tari ya kama ni. Anti ta ji ni ta bango, ta ƙwanƙwasa, ta ja ni da Umma zuwa ɗakin girkinta. Ta tsinko ganye biyu, biyu rak, ta wanke. Shinkafa tana kan wuta, sai ta kwantar da su a kan murfin tukunyar. Ina kallo suka yi laushi, korensu ya yi duhu, suka langaɓe. Ta ɗauke su da sauri tana hura yatsunta, ta matse a cikin cokali. Ruwan bai ma cika cokalin ba. Ta ɗiga zuma, ta juya da tsinke, ta miƙo mini. Da ɗan ɗaci, da ɗan yaji, sai kuma wani sanyi ya bi maƙogwarona ya fito ta hanci.

Umma ta dubi cokalin, ta dubi Anti. "Shi ke nan?"

"Khalas," in ji Anti da Larabci, wato shi ke nan. "Gobe da safe kuma ɗaya."

Da muka dawo gida Umma ta ce da Hausa, "Matar nan kirki gare ta, amma akwai rowar magani. Ɗan wannan ko kaza aka ba ai sai ta nemi ƙari." Kwana uku ina zuwa shan cokalina, tarin ya lafa. Ko ganyen ne, ko zumar ce, ko dai lokacin tafiyarsa ne ya yi, ban sani ba. Ni dai na ji daɗin zuwa.

Da aka ba da dogon hutu, zafi ya kai inda ko ƙarfen matakala ba ya taɓuwa, Anti da mijinta suka shirya tafiya gida na wata biyu. Ana gobe za su tafi ta shigo gidanmu rungume da bokitin, ta ajiye shi a barandarmu ta bayan ɗakin girki, inda rana ba ta faɗawa sai da safe. A gaban Umma ta ce ni ta bar wa, ba kowa ba. Ta ce kafin in ba shi ruwa in tura yatsa cikin ƙasar, in na ji damshi in ƙyale shi, domin ruwa ya fi ƙishirwa kashe shi. Ta ce in wani ya yi mura a tsinki ganye biyu, kada a wuce biyu.

Sannan ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba. Daga bayan ɗakin girkin mahaifiyarta ta karyo reshen, ta naɗo shi a jiƙaƙƙen tsumma, shekaru da yawa da suka wuce. Bayan rasuwar tsohuwar aka sayar da gidan, wanda ya saya ya malale tsakar gidan da siminti. "Panikurka tana ko'ina, mole," in ji ta. "Amma ta mahaifiyata wannan ce kaɗai ta rage." Na gyaɗa kai. Ina so in ce mata kada ta damu, amma sai na sake gyaɗa kai da ƙarfi.

Mako biyu ina kula da bokitin nan kamar jariri. Har na san ganye nawa ne a kowane reshe.

Sai Goggo ta zo. Yayar Abba ce, ita ta goye shi yana ƙarami, kuma har yau ba ta yarda ya girma ba. Abba ya kawo ta ne a cire mata yanar ido. Manomiya ce, tana da gonar rogo da dankali a bayan garinmu, murya gare ta kamar tana kiran wani daga ƙarshen gona. Tun daga ƙofa ta fara faɗa da na'urar sanyaya ɗaki. "Wannan wace irin ƙasa ce? Waje wuta, ciki ƙanƙara. Uwata, ku haka kuke zaune kamar kifi a firji?" Ni take ce wa Uwata. Ta rungume ni, tana ƙamshin daddawa da turaren wuta, na ji kamar gida ne ya biyo mu a jirgi.

Ba ta yi ƙarya ba game da sanyin. Kwana huɗu da zuwanta mura ta kwantar da Abba, har ya kasa zuwa aiki. Ranar Umma ta bi wata maƙwabciya zuwa kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, gida ya rage daga ni sai Goggo sai Abba da ke ta atishawa a falo. Ya haɗiyi ƙwayoyin maganinsa, Goggo ta taɓe baki.

"Waɗannan 'yan tsakuwar ne za su fitar da sanyin da ya shiga ƙashi? Sirace za a yi maka. Uwata, garin nan ba darbejiya? Ba ganyen gwaiba? Ba tazargade?"

Na girgiza kai. Ta shiga ɗakin girki tana lalube, don idonta ba ya gani sosai a lokacin, komai da hanci take gane shi. Ta buɗe ƙofar baranda, ta tsaya, ta ja numfashi.

"Allahu akbar! Ga magani a bayan ɗaki kuna ta wahala. Wannan ai ɗan'uwan daddoya ne, har ya fi ta ƙarfi."

Ina tsaye a bayanta. Na ga hannunta ya kama reshe na farko, na ji ƙarar karyewarsa, ƙas. Na buɗe baki. Abin da zan faɗa gajere ne: Goggo, ba namu ba ne. Kalma biyar. Amma ban taɓa hana babba wani abu ba a rayuwata, balle Goggo, balle kuma don Abba take yi. Na ce bari ta karya na biyu sai in faɗa. Ta karya na biyu, ta karya na uku. Kafin in gama tattara ƙarfin halina, ba abin da ya rage a bokitin sai kututture guntu kamar babban yatsa.

Ta sa ni na ɗauko babbar tukunyar da Umma ke dafa naman Sallah. Ta gutsure gindin rassan masu tauri ta watsa a kwandon shara, sauran duka ta danna cikin ruwa, ta ƙara citta da kanumfari da lemun tsami da ɗan jar kanwa da ta ƙullo a bakin zanenta tun daga gida. Da ya tafasa, ƙamshin ya cika gidan har idona yana ruwa, ko da yake ba duka ruwan ne na ƙamshi ba.

Abin da ya biyo baya, ko yanzu na tuna sai na yi dariya. Abba, injiniya guda, wanda nake gani ana gaishe shi da girmamawa a masallaci, ga shi zaune a kan 'yar kujera a tsakiyar falo, tukunya a gabansa, Goggo ta lulluɓe shi da bargo biyu ta danne gefen da ƙafarta.

"Yaya, zan mutu!" in ji shi daga ciki.

"Ba ka mutu ba da ina yi maka kana shekara biyar. Buɗe baki ka shaƙa."

"Yaya, khalas, don Allah!"

"Kalas ɗin gidanku. Larabcinka ba zai fitar da kai ba."

Da ta buɗe shi ya fito sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Ta tace ruwan ta cika kofi, ta tsaya a kansa sai da ya shanye, ta ƙara masa wani. Sauran ta ce ya yi wanka da shi. Ya yi barci har la'asar, ya tashi yana neman tuwo.

Umma ta dawo, ta shaƙi iskar gidan, ta wuce baranda kai tsaye. Ta dubi bokitin, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ita ma ba za ta iya buɗe baki ta ce wa yayar mijinta ta yi ɓarna ba, ga shi kuma mai gidan ya samu sauƙi ana ta yi wa Goggo godiya. Sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya," ta shiga ɗaki.

Kafin a zubar da shara na tsinto gindin rassan nan guda huɗu. Na taɓa ganin Anti ta cire kan reshe ta soka shi a gefen bokiti, bayan kwanaki kuma na ga ya tsaya da ƙafarsa. Na wanke kofunan yogot huɗu, na huda gindinsu da ƙusa, na ɗebi ƙasa daga bokitin, na soka su a tsaye, na ɓoye a bayan injin wanki. Kututturen kuwa, tausayinsa ya sa na manta da duk abin da aka gaya mini. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Ban ƙara tura yatsa ba, don ina ganin wanda aka yi wa wannan aika-aika ai ya cancanci ya sha ya ƙoshi. A kwana na shida na taɓa shi, ya lotsa kamar dafaffen dankali, wani wari ya taso. Ya ruɓe har saiwa.

A nan Goggo ta same ni, tsugune, ina kuka ba sauti.

"Uwata, wa ya taɓa ki? Wa ya rasu?"

Na nuna bokitin. Da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya, na gaya mata na wace ce, da inda aka kawo shi, da simintin da aka malale. Goggo ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafe kai.

"Amana ce? Amanar mutane na dafa wa ƙanena? Innalillahi. Ke kuma kina tsaye a bayana kamar turmi! Bakin nan naki na cin tuwo ne kawai?" Ta ɗaga murya ta kira Umma. "Ke ma kin sani kika yi shiru? Kunyar me? Ni dodo ce?"

Umma ta ce, "Yaya, ai ganin an riga an yi ne."

Abba da ya ji, ya ce abu mai sauƙi ne, akwai masu sayar da shuke-shuke, ƙila a samu irinta a dasa a bokitin, wa zai gane? Goggo ta juya masa idonta mai yana. "Kai dai ka sha magani ka warke, to ka yi shiru. An ci amana, kuma a rufe da ƙarya? Ba da ni ba."

Sai na jawo kofunan yogot daga bayan injin wanki. Goggo ta karɓi ɗaya, ta zare karan, ta bi shi da yatsa a hankali har ta tsaya a kan wani ɗan ƙulli.

"Yana da ido," in ji ta. "Duk abin da ke da ido a gaɓa zai tsiro, kamar rogo ne. Amma kin dasa shi a tsaye kamar sanda, kuma wannan ma kin juya shi, kansa ne a ƙasa. Kawo."

Ta zazzage ƙasar, ta ce ta yi nauyi, ta aiki Abba ya samo mata yashi. Ya ce, "Yaya, a ina zan samu yashi?" Ta ce, "A ƙasar da ba komai sai yashi kake tambayata?" Ta gauraya, ta kwantar da kowane kara a karkace, ido biyu a cikin ƙasa, ɗaya a waje. Da na gaya mata dokar tura yatsa, ta ce, "Matar nan ta san abin da take yi. Haka ake yi." Daga ranar ruwa ya koma hannunta, da murfin kwalba take aunawa, ni kuma aikina in duba in ba ta labari, tunda ni ce mai ido.

Ɗaya ya bushe a mako na farko. Ukun suka yi shiru, ba su mutu ba, ba su motsa ba. Aka yi wa Goggo aikin ido, ta dawo da bandeji, duk da haka kowace safiya sai ta ce, "Uwata, je ki gaishe da marayun nan ki dawo." Ranar da aka cire mata bandejin, ta ƙi zama a falo, ta wuce baranda ta ɗaga kofi ɗaya kusa da fuskarta. Ni na riga na gani tun jiya, amma na bari ta gani da kanta: wasu 'yan ganye biyu ƙanana kamar kunnen ɓera, da gashinsu da komai.

"Kai! Ashe gashi gare shi!" in ji ta. "Na dafa abu ban san kamarsa ba."

Lokacin da Anti ta dawo, kowane kofi yana da ganye shida ko takwas, babu wanda ya kai rabin tafin hannuna. Na so a bari sai ta huta, Goggo ta ce laifi ba ya son kwana. Washegari da hantsi ta yi dambun shinkafa da zogalen da ta kawo busasshe, ta sa sabon mayafi, ta ɗora kwanon a hannun Umma. Ni aka ba ni faranti da kofuna uku. Ita kuma ta ɗauki bokitin fenti, wanda ba komai a ciki, ta rungume.

Anti ta buɗe ƙofa da fara'a. "Mole!" Sai idonta ya sauka a kan bokitin. Fara'ar ta tsaya a inda take.

Goggo ba ta jin Turanci, Anti ba ta jin Hausa. Na ɗauka Umma ce za ta yi magana, sai Goggo ta dafa kafaɗata. "Ke aka ba amana, ke za ki yi tafinta. Ce mata ina gajiya. Ce mata ya hanya, ya ta baro mutanen gida, ya yara, ya jikoki."

Na fara. Gaisuwar kaɗai ta ci lokaci, domin Goggo ba ta yarda a tsallake ko ɗaya ba, kuma duk amsar da Anti ta bayar sai na juyo da ita. Kafin mu zauna a falo na yi maganar da ta fi ta wata guda.

"Yanzu ce mata ni ce mai laifi. Ni na karya shi duka na dafa, yarinya ba ruwanta. Ta yafe mini don Allah."

Na faɗa. Sannan na ƙara abin da Goggo ba ta ce ba. Na ce ina tsaye aka karya ban hana ba, kuma kututturen da ya rage ni na kashe shi da ruwa, ban tura yatsa ba.

Anti ta dubi kofunan. Ta jawo farantin, ta ɗauki kofi ɗaya, ta murza gefen ganye kaɗan ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ta goge gefen idonta da bakin gyalenta, ta ce a hankali, "Ita ce." Sai kuma ta ɗago. "Tsaya, mole. Duka ta dafa? Duka, a tukunya ɗaya? Wa ya sha?"

"Abba."

"Cokali nawa?"

"Kofi biyu. Ya shaƙi tururin a cikin bargo. Ya yi wanka da sauran."

Anti ta ƙyalƙyale da dariya har ta riƙe ciki, ta ƙwala wa mijinta kira ya zo ya ji. "Maganin yara ɗari ya shanye shi kaɗai! Yana nan da rai?"

"Me take cewa?" in ji Goggo.

"Wai ko Abba yana da rai."

"Ce mata ras yake, washegari ya koma aiki. Ce mata ganye biyun nan nata na jarirai ne. Ƙato kamar ƙanena sai tukunya."

"Ce mata magani awo gare shi," in ji Anti. "Mahaifina da ya ji wannan da ya suma."

"Ce mata mu a wajenmu sai an yi gumi ake sanin an sha magani."

Ina tsakiya, kaina yana juyawa dama da hagu, har na daina jin tsoron muryata don ba ni da lokacin jinsa. Anti ta yarda cewa su ma sukan tafasa ganyen a ruwan wankan yara, kuma suna shaƙar tururi idan hanci ya toshe. Goggo ta tafa hannu, "To ashe kun sani!" Goggo kuma ta sa aka nuna mata yadda ake kwantar da ganye a murfin tukunya, da ganyen alayyafo aka gwada don ba wanda ya yarda a taɓa na kofin. Ta ce dabara ce mai kyau, za ta gwada wa jikokinta. Mijin Anti ya cinye rabin dambun yana tsaye. Anti ta tambaye ni wa ya koya mini dasa kara a karkace, na nuna Goggo, sai ta kama hannun Goggo ta riƙe, suka yi ta gyaɗa wa juna kai ba tafinta.

Da muka tashi tafiya, Umma da Goggo suka yi gaba. Anti ta tsuguna a bakin ƙofa tana zuba sabuwar ƙasa a bokitin fenti. Ba ta ce ta daina yarda da ni ba, ba ta kuma ce ta yarda ba, kuma na san in na shiga gida ban tambaya ba, zan yi shekara ina juya abin a raina. Na tsaya har ta ɗago ta dube ni.

"Anti," na ce, "in za ki tafi gida baɗi, don Allah ki sake bar mini ita."